Karsanar Ƙarfen Baffa Katungi

A ƙauyenmu Kashongora babu wanda ya taɓa ganin Katungi a kan babur, amma babu wanda bai ji labarin hawan da ya yi ba. In ya zauna a shagon shayi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, zai ba ka labarin yadda ya tuƙa mashin daga Mbarara har iyakar Kwango da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana rungume da maraƙi. Wata rana maraƙin ya zama biyu. Wata rana kuma a samu ƙarin giwa a tsakiyar hanya. Mu dai mukan kurɓi shayinmu mu ce masa haka ne, don gardama da Katungi aiki ce, mu kuwa tun daga wurin tatsa muke gajiya.

Ni ne Mwebesa, maƙwabcinsa, shinge ɗaya ya raba mu. Tun ina da gashi a kai nake kwasar madarar unguwarmu a keke, ina kai wa gidan sanyaya madara da ke bakin kasuwa. Da gwiwoyina suka ce sun yi iya yinsu, masu shanu suka yarda a miƙa aikin ga Ahabwe, ɗan marigayi yayan Katungi. Yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai, gajere, marar hayaniya. Sharaɗin da suka sa masa shi ne ya samo babur, don madara ta riƙa isa kafin rana ta taɓa ta. In ya kasa a ranar gwaji, akwai samari da yawa da ke jiran aikin.

Abin da Ahabwe ya mallaka a duniya guda ɗaya ne: Kyasha, baƙar karsana mai farin goshi da ubansa ya bar masa. Da hannunsa ya raine ta, ko tarinsa ta ji daga nesa sai ta amsa. Ita za a bayar a karɓi babur, don Lubega mai sayar da babura a Mbarara ya daɗe yana ƙishirwar a ce shi ma yana da garke. Yaron ya yarda, amma duk wanda ya kalli idonsa ya san abin da yardar ta ci masa.

To mu a wurinmu saniyar maraya ba ta fita daga garke sai ƙanin uba ne ya riƙe igiya. Nan Katungi ya shigo.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki," ya ce wa Kembabazi, uwar yaron. "Allah ya so ɗanki da ya ba shi baffa irina. Ni da babur, kallo ɗaya nake masa in gaya miki uwarsa da ubansa."

"Maigida ƙarami," ta ce, don haka take kiransa in za ta tsokane shi, "da wannan kallon ka zaɓo Bihogo?"

Bihogo ita ce saniya ɗaya tilo da Katungi yake da ita. Ja ce jawur, ƙahoninta sai ta karkata kai kafin ta shiga ƙofar garke. Masu wucewa kan tsaya su yi ta kallo. Madararta kuwa ba ta isa ta faranta shayi kofi biyu ba.

"Bihogo ba ta mata ba ce," in ji Katungi. "Ku madara kawai kuka sani."

"Mu da muke sha, ai dole."

Ta juyo wurina ta ce don Allah in bi su. Na bi su, kuma har yau ina tambayar kaina amfanin da na yi.

Muka shiga motar shanu da Kyasha har Mbarara. Muna shiga filin Lubega, Ahabwe ya zarce wurin wani ƙaramin baƙin babur, ya zauna a kai, tafin ƙafafunsa biyu suka kwanta a ƙasa lafiya lau.

"Baffa, wannan ya yi mini daidai," ya ce a hankali. "Irinsa nake koyo a wurin 'yan acaba na bakin kasuwa."

Katungi ya kalli babur ɗin, ya kalli yaron, ya tofar da yawu gefe.

"Wannan? Wannan ai akuya ce. Mu kawo saniya mu koma da akuya? Sauka kafin wani ɗan garinmu ya gan ka."

Ya haɗa hannuwa a baya ya shiga zagaya fili kamar ranar kasuwar shanu. Wannan ya daki tankinsa ya ce ba shi da ƙirji. Wancan ya ce launinsa na marasa asali ne. Wani kuma ya ce idonsa ya yi ƙanƙanta, irinsu cizo suke yi. Can ƙurya, ƙarƙashin wani tsohon buhu, ya hango ja. Ya yaye buhun da kansa.

Wani ƙaton mashin ne, dogo, ja jawur, kansa ya buɗe ya yi sama. Lubega ya ce wani Bature ne ya tsallako ƙasashe da shi, ya gaji ya bar shi nan. Ƙurar da ke kansa kaɗai ta isa ta gaya maka tun yaushe yake jiran wawa.

"Bihogo sak!" Katungi ya ce. Ya ware hannuwa ya auna faɗin kan. "Dubi ƙaho! Baba Mwebesa, zo ka ga ƙaho!" Ya durƙusa ya leƙa injin ta ƙasa. "Dubi hantsa! Wannan karsanar gidan sarauta ce. Lubega, a sa ta yi kuka mu ji."

Lubega ya buga kik. Kajin maƙwabta suka watse, wani jariri ya tsala ihu a bayan katanga. Katungi ya lumshe ido, na rantse na ga hawaye.

"Katungi," na ce, "madara za a ɗauka, ba ɗaukar amarya za a je ba. Yaron nan ƙafarsa ba za ta kai ƙasa ba."

"Baba Mwebesa, kai ɗan keke ne. Ranar da ake maganar jaki zan aiko a kira ka."

"Ranka ya daɗe," Lubega ya sa baki, yana murza hannu, "tunda na buɗe filin nan ban ga mai ido irinka ba."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Katungi ya miƙa igiya. Aka ɗaure Kyasha a bayan shago, tsakanin tsofaffin tayoyi. Da muka juya za mu tafi ta saki kuka. Ahabwe bai waiwaya ba, sai dai ya yi ta share fuska da gefen riga yana cewa hayaƙin mashin ne. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa.

Motar shanu ta sauke mu a mararraba, inda kwalta ta ƙare. Na ce wa Katungi to, ga fili, ya hau ya nuna mana tuƙin Kwango.

"Haba dattijo, da girmanka? Wa ka taɓa gani ya hau sabuwar dabba ranar da aka kawo ta? Takawa ake da ita ta san hanyar gida."

Haka Ahabwe ya yi ta tura wannan dutsen ƙarfe a kan tudu da gangare, ina taya shi da ragowar gwiwoyina. Katungi yana gaba da sanda, yana yi wa mashin fito irin na kiran shanu, yana ɗaga wa mutane hannu.

Muka isa daidai tatsar yamma. Katungi ya ce sai an shigar da ita garken da ake tara shanun unguwa an yi mata maraba. Ya hura hayaƙin korar ƙuda, ya shafa mata ciyawa a tanki, ya raɗa mata suna Bihogo Ƙarama. Unguwa ta taru a bakin shinge. Kembabazi ta fito da tsintsiya a hannu, ta zagaya mashin ɗin sau ɗaya.

"Maigida ƙarami, tsani kuma sai gobe za a kawo?"

"Wane tsani?"

"Wanda ɗana zai riƙa hawa da shi."

"Yaro girma yake yi, Yaya. Zai same ta. Ku matsa ta gaisa da 'yan uwanta."

Ya sa Ahabwe ya tayar, shi kuma ya kama totur ya murɗe har ƙarshe. Abin da ya biyo baya ba na fatan sake gani. Shanu suka ɗaga wutsiya suka yi kan shinge, suka bi ta gonar waken Kembabazi, suka faɗa cikin ayabata. Masu tatsa suka wuntsila da ƙwaryarsu. Bihogo Babba ta maƙale a ƙofa da ƙahoninta, sauran suka bi ta kanta. Sai da magariba ta rufa muka gama tattaro su, kuma babu wadda ta yarda ta saki ko ɗigon madara.

"Kishi ne," in ji Katungi, yana cire ƙaya daga wando. "Duk garken da aka kawo wa kyakkyawa haka yake yi."

Washegari aka fara koyo. Ahabwe ya hau daga kan turmi, ƙafafunsa suna lilo a iska. Ya tafi lafiya, don yaron ya iya tuƙi daidai gwargwado. Tsayawa ce matsala. Yana taka birki mashin ya karkata, ya nemi ƙasa da ƙafa bai samu ba, suka kwanta tare a cikin kashin shanu. Sai da muka taru muka ɗaga masa shi.

Katungi ya ce laifin takalmi ne. Ya samo guntayen katako ya buga su da ƙusa a ƙarƙashin takalman robar yaron. Yanzu ƙafa ta kai ƙasa, amma ta kasa shiga ƙarƙashin giya. Yaron ya sake faɗuwa, wannan karon salansa ta ƙone masa ƙauri.

Kembabazi tana shafa masa man shanu a ƙunar, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Gobe ne gwaji. In aikin nan ya kuɓuce, Kyasha ta tafi a banza. Ka ji ni ko, Katungi?"

Rabon da in ji ta kira shi da sunansa tun ranar jana'izar mijinta. Shi ma ya ji, don ya sunkuyar da kai. Na ɗauka hankali ya zo. Ashe wani sabon shiri ne yake nuna.

"Gobe ni zan kai madara da kaina," ya ce. "Yaro ya biyo ni a keken Baba Mwebesa ya ga yadda manya ke yi. In mutane suka ga Bihogo Ƙarama a kan hanya, aikin nan ya zama na gidanmu har jikoki."

"Baffa, ka tabbata..." Ahabwe ya fara.

"Kai! Ni da na je Kwango?"

Gari na wayewa masu shanu suka kawo madara. Saboda firgitar shekaranjiya shanu ba su gama sakin jiki ba, garwa biyun duk rabi-rabi suka tsaya. Aka ɗaure su hagu da dama, mashin ya ƙara faɗi. Katungi ya fito da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ahabwe ya miƙa masa hular kwano, ya ce ba ya so, mutane ba za su gane shi ba. Ya hau daga kan turmi. Na lura hannunsa yana rawa.

"Sanyi ne," ya ce, tun kafin in tambaya.

Yaron ya tayar masa, ya sa masa giya, ya ce, "Baffa, ka saki kuloci a hankali."

"Ni za ka koya wa?"

Ya sake shi gaba ɗaya. Bihogo Ƙarama ta ɗaga ƙafar gaba ta yi tsalle, ta fice ta ƙofar da Allah ya sa a buɗe take. Muka bi su, yaron yana tuƙa keke ina zaune a baya.

Hanyarmu zuwa kasuwa gargada ce tun daga farko har ƙarshe, ko a keke sai haƙoranka sun gaisa. Katungi ya bi ta da giyar farko, injin yana kururuwa, garwa biyu suna tsalle suna dukan juna da ƙarfe. Tsoro ya sa ya ƙanƙame ƙahonin, yana ƙanƙamewa yana ƙara murɗa totur. Mata masu zuwa gona suka faɗa cikin ciyawa. Wani mai keken ayaba ya zubar da kayansa ya hau bishiya.

Da muka iso, mun tarar kasuwa ta watse ta koma filin ƙwallon da ke gaban gidan madara. Katungi ya riga ya wuce ƙofar gidan, ya kasa tsayawa, ya shiga filin yana zagayawa. Filin nan kuwa shanu ke kiwo a cikinsa da damina, duk ramukan kofato ne. Mutane suka yi da'ira. Duk zagayen da zai yi sai an jefa masa magana.

"Katungi, ga ƙofa nan ka wuce ta!"

"Na gani! Gwada ta nake yi!"

Ya sake zagayowa.

"Taka birki!" 'yan acaba suka haɗa baki.

"Ba ta son a matsa mata!"

Ya sake zagayowa, kwat ta tashi sama ta rufe masa ƙeya.

"Baffa, ƙafar dama! Ƙafar dama!" Ahabwe yana gudu a gefensa.

"Wacce ce damar?"

Nan fili ya ɗauki ihu. Wata mai sayar da gasasshen rogo ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Ku ƙyale shi, bai kai Kwango ba tukuna!" Yaran makaranta suka fito suna ƙirga masa zagaye da waƙa, malaminsu ya zo korar su ya tsaya shi ma. Rana ta ɗaga, masu kawo madara daga wasu unguwanni suka gama aunawa suka zo kallo, Katungi yana nan yana zagayawa, ya daina ba da amsa, sai kiran sunayen waliyyai.

Daga ƙarshe ya yanke shawara. Ya saita ƙaramar ƙofar gidan madara, wadda aka yi don masu keke, ya nufe ta. Ƙahonin suka shige da ƙyar. Garwa biyu suka ce ba da su ba, suka cije tsakanin ginshiƙai. Mashin ya tsaya cak. Katungi bai tsaya ba. Ya bi ta saman ƙaho ya sauka a kwamin wanke garwa, ruwan kumfa ya rufe shi har wuya.

Aka ciro shi. Abin da ya fara cewa shi ne, "Kun ga tsayawa? Ko ɗigo bai zube ba."

Gaskiyarsa, bai zube ba. Matar da ke karɓar madara ta buɗe garwar farko, ta leƙa, ta daɗe tana leƙawa. Ta zura hannu ta ɗago curin man shanu rawaya, ƙato kamar kan jariri. Ta buɗe ta biyu, haka. Abin da ya rage a ƙasa tsala ne tsararo.

"Mu madara muke saya," ta ce. "Wannan sai ku kai wa masu miya."

Kembabazi ta iso a ƙafa tun ana tsakiyar zagaye. Ta karɓi curin ta juya shi a hannu.

"Maigida ƙarami, ni tun ina budurwa nake kaɗa gora a cinya, ban taɓa fitar da mai kyau irin wannan ba. Ashe aikin mata ka je Mbarara ka sayo."

Dariyar da aka yi har karnuka suka taya. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Ahabwe yana tsaye riƙe da kekena, yana kallon man shanun, kuma na san ba man yake gani ba. Masu shanu sun riga sun fara ƙus-ƙus a kan wanda za a ba aikin.

Ban iya magana a taro ba, amma ranar na yi. Na ce yaro bai kasa ba, don ba a ma bar shi ya gwada ba. Na ce wanda ya riƙe igiya shi ya zaɓi dabba, kuma kowa ya ji da kunnensa yana kiranta da sunan garkensa. Dattawa suka zauna a inuwar gidan madara, Katungi yana gabansu yana ɗiga. Ba su daɗe ba. Suka ce Bihogo Ƙarama ta Katungi ce, tunda shi ya gan ta ya so. Saniyar maraya kuwa ta dawo garkenta, ƙanin uba ya fanso ta da tasa.

"Da Bihogo?" Katungi ya dafe ƙirji. "Lubega ba zai yarda ba. Mutumin birni me ya sani game da saniya?"

Lubega kuwa da ya ga ƙahonin nan bai ko tambayi madara ba. Ya kira mai hoto tun kafin a sauke ta daga mota.

Ranar da Kyasha ta dawo, tun daga mararraba take kuka. Ahabwe ya ruga ya tarye ta, ya rungume wuyanta a tsakiyar hanya, wannan karon bai ce hayaƙi ne ba. Masu shanu suka yarda ya riƙa kai madara a kekena, in dai zai riga rana. Ya riga ta. Da Kyasha ta haifi ɗan maraƙi namiji ya tasa, shi aka kai wa Lubega. Katungi ya riƙe igiya kamar yadda al'ada ta ce, amma Kembabazi ta sa shi ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa ba zai buɗe baki ba. Yaron ya zauna a kan ƙaramin baƙin babur, ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya ce wannan.

Bihogo Ƙarama tana nan a garken Katungi, ita kaɗai, a ɗaure a turke. Ya ce masu saye suna ta zuwa daga Kampala yana korar su, mu dai ba mu ga ƙurar motarsu ba. Kullum da safe yakan hura mata hayaƙin ƙuda ya goge ta da ciyawa. Kullum kuma Kembabazi takan miƙo masa kofin madarar Kyasha ta saman shinge, don ba za ta bar ƙanin mijinta ya sha baƙin shayi ba. Jiya ina jin su.

"Maigida ƙarami, taka ta ba da nawa yau?"

Katungi ya karɓi kofin, ya kurɓa, ya shafa jan tankin nan.

"Ke dai kin cika gaggawa, Yaya," ya ce. "Ai ba ta haihu ba tukuna."